Babi na Bakwai: Tambaya da Bashin Amsa

A rubuce, tsakanin "Sun tafi." da "Sun tafi?" babu wani bambanci sai alamar da ke ƙarshe. Haruffan ɗaya ne, kalmomin ma ɗaya. Amma ta farkon mutum zai iya jin ta ya ci gaba da sabgarsa, ba mai ganin laifinsa. Ta biyun kuwa, da zarar ta fita daga bakin mai ita, ta ɗora wa wanda aka fuskanta bashi. Ko dai ya biya, ko ya nemi a ɗaga masa ƙafa, ko ya ce ba shi da abin biya. In ma ya yi gum da bakinsa, shirun nasa sai an fassara shi.

Bashin kuma ba na dogon zango ba ne. A shekarar 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta na Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan sun fitar da sakamakon wani awo da suka yi. Sun ɗauki hotunan bidiyo na hirar yau da kullum a harsuna goma, daga Japananci da Italiyanci zuwa Tzeltal na ƙasar Meziko da harshen Haiǁom na Namibiya, suka auna tazarar da ke tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa. A tsakaice tazarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce. Japanawa ne suka fi kowa sauri, kusan babu tazarar ma, mutanen Denmak kuma suka fi jinkiri, amma jinkirin nasu bai kai rabin daƙiƙa ba. Abin lura shi ne, gwaje-gwaje sun nuna cewa mutum yana buƙatar fiye da rabin daƙiƙa kafin ya lalubo kalma guda ya furta ta. Ke nan mai amsa ba ya jira a gama tambayar. Tun tana tsakiya ya hango inda ta dosa, ya fara haɗa abin da zai ce.

Awon ya nuna wani abu kuma da duk wanda ya taɓa neman rance ya riga ya sani: amsar "i" ta fi amsar "a'a" saurin zuwa. Idan aka tambayi mutum ko zai iya taimakawa da wani abu kafin ƙarshen wata, ya ɗan yi jim, sannan ya fara da "To, wallahi ka san halin da ake ciki", mai tambaya ya riga ya samu amsarsa tun kafin a kai ga "wallahi".

Masana harshe sukan raba tambaya gida biyu manya. Akwai wadda amsarta i ce ko a'a, kamar "An kawo wuta?". Akwai kuma wadda take barin gurbi a cikin jimla don a cike, kamar "Yaushe aka kawo wuta?". Wasu sukan ƙara ta uku, mai ba da zaɓi, irin ta mai shayi da yake cewa "Da madara ko baƙi?", inda i da a'a duk ba su da amfani. Kusan kowane harshe da aka yi nazari yana da biyun farko. Inda ake rabuwa shi ne yadda ake sanar da mai sauraro cewa tambaya ake yi masa.

Hausa ba ta da talauci a wannan fanni. Da farko akwai murya. Idan Bahaushe yana ba da labari, muryarsa gangarowa take yi sannu a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta. In tambaya ce, gangarowar sai ta ragu, a kuma ɗaga gaɓar ƙarshe mai sautin sama fiye da matsayinta. Paul Newman da Roxana Ma Newman sun nuna tun 1981 cewa akwai ƙari a kan haka: wasalin ƙarshe yakan ƙara tsawo, sautin kuma ya faɗo a kansa. Duk mai jin Hausa yana yin wannan ba tare da an koya masa ba. Sai kuma 'yan ƙananan kalmomin da kowace take da nata ɗanɗano. "Shin" ta masu wa'azi ce da 'yan jarida da masu rubuta jarrabawa, da wuya a ji uwa ta ce wa ɗanta "Shin ka wanke hannunka?" sai dai in ranta ya fara ɓaci. "Ko" a farkon jimla ladabi ne ko shakka: "Ko Malam yana ciki?" A ƙarshen jimla kuwa neman tabbaci ne a kan abin da aka riga aka zata: "Gobe za ku dawo, ko?" "Kuwa" tana ɗauke da damuwa, shi ya sa "Ka ci abinci kuwa?" ta fi "Ka ci abinci?" nuna kulawa. "Fa" ita kaɗai takan mayar da suna tambaya: "Audu fa?" "Anya" kuma tambaya ce da ta riga ta karkata zuwa a'a, don wanda ya ce "Anya jirgin nan zai tashi yau?" ya fara tunanin inda zai kwana.

Matthew Dryer ya tattara bayanan harsuna 955 don babban kundin taswirar tsarin harsunan duniya, ya duba yadda kowane yake gina tambayar i ko a'a. A 585 daga ciki ana amfani da 'yar kalma ce irin "shin": Larabci yana da "hal", Japananci yana liƙa "ka" a ƙarshe, Sinanci "ma", Yarabanci yana farawa da "ṣé", Fulatancin Adamawa yana rufewa da "na". Harsuna 173 murya kawai suke canzawa, 164 kuma aikatau ne yake sauya siffa. Waɗanda suke juya jerin kalmomi, su kawo aikatau gaban mai aikatawa kamar yadda Ingilishi da Jamusanci suke yi, guda 13 ne kacal, yawancinsu kuma a Turai. Wannan abu da yake wahalar da ɗaliban firamare daga Sakkwato har Yola, har wani malamin yakan ɗauka shi ne asalin yadda ake tambaya, a duniyar harsuna baƙon abu ne. Harshe ɗaya ne tak a lissafin, wani reshen Mixtec da ake yi a Chalcatongo ta ƙasar Meziko, aka ruwaito cewa ba ya bambanta tambaya da bayani ko kaɗan, sai dai yanayin zance ya nuna.

An daɗe ana koyarwa cewa ɗaga murya a ƙarshen tambaya halitta ce ta ɗan Adam. Harsunan Afirka ne suka karya wannan magana. Annie Rialland, wata masaniyar furuci Bafaranshiya, ta nuna a 2007 cewa a faɗin yankin da ya taso daga gaɓar Atlantika ya nufi tsaunukan Habasha, akwai harsuna da yawa da tambayarsu faɗuwa take yi: murya ta sauka, wasalin ƙarshe ya yi tsawo, wani lokaci a ƙare da ɗan huci, kamar a harshen Moba na arewacin Togo. A harshen Ibo kuwa ba a jiran ƙarshen jimla. Wakilin sunan da ke farko ake saukar wa da sauti, shi ke nan "ya zo" ta koma "ya zo?".

Rubutu ya daɗe kafin ya kamo wannan. Chip Coakley na Jami'ar Kambrij ya nuna a 2011 cewa marubutan Suryaniyanci suna sa ɗigo biyu a kan kalma don nuna tambaya tun ƙarni na biyar. A Turai alamar ta fara bayyana wajen ƙarshen ƙarni na takwas. Hukumar harshen Sifaniyanci ta kawo juyayyar alamar da ake sawa a farkon jimla a 1754, don mai karatu ya shirya muryarsa tun da wuri. Larabci bai samu tsayayyun alamomin rubutu irin na yanzu ba sai bayan littafin da Ahmad Zaki Basha ya fitar a Masar a 1912, shi ya sa tsofaffin takardun ajami ba su da alamar tambaya. Mai karatu da ma'ana yake dogara. A boko kuwa, tunda ba a rubuta karin sauti, duk aikin da murya take yi alamar nan ce take ɗauke da shi ita kaɗai. Wanda ya tura saƙon waya ya ce "An biya albashi" ya manta da ita, ya tashi hankalin ofis guda a banza.

Tambaya mai gurbi tana da nata ma'aikatan: wa, me, ina, yaushe, yaya, nawa, wane da wace da waɗanne. A Sakkwato da Katsina da Maraɗi a kan ji "mi" da "ƙaƙa". A nan ne nahawun Hausa yake yin wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Ana cewa "Yara sun ci tuwo", amma ba a cewa "Me yara sun ci?". Dole "sun" ta koma "suka": "Me yara suka ci?" Haka "kin zo" take komawa "Yaushe kika zo?", "yana karatu" kuma ta koma "Me yake karantawa?". Basakkwace zai ce "Su wa sunka zo?" ko "Mi kac ce?", amma dokar ɗaya ce. Wannan siffa ta "suka" da "yake" ita ce dai ake amfani da ita idan ana son a ware abu ɗaya a ƙarfafa shi: "Tuwo suka ci", wato ba shinkafa ba. Ke nan a wurin Hausa, kalmar tambaya ita ce abin da aka haska, duk sauran jimlar kuma an ɗauke ta a matsayin abin da aka riga aka gama magana a kansa. Wanda ya ce "Wa ya fasa tulun?" bai tambaya ko tulun ya fashe ba, bai kuma tambaya ko mutum ne ya fasa shi ba. Waɗannan biyun ya shigo da su ne ta bayan gida. Za a ga amfanin wannan, da kuma haɗarinsa, idan aka zo kotu.

Jawo kalmar tambaya zuwa farkon jimla ma ba kowa ke yi ba. Cikin harsuna 902 da Dryer ya duba, 264 ne kawai suke wajabta haka, 615 suna barin ta a inda amsar za ta zauna, kamar Sinanci da Japananci da Swahili, inda ake cewa abin da ya yi daidai da "Ka sayi me?". Hausa ma takan yi haka, amma galibi in an ji abin mamaki ne: "Ka ba wa?" ko "Ya ce me?". Sannan waɗannan kalmomi suna da wani aiki na biyu. A sa musu "ko" a gaba, sai gurbin da ake nema a cike ya buɗe wa kowace amsa: wa ta zama kowa, me ta zama kome, ina ta zama ko'ina, yaushe ta zama koyaushe. Japananci ma da kalmomin tambayarsa yake gina irin waɗannan.

Yara ba sa koyon su a lokaci ɗaya. "Mene ne" da "ina" suke fara zuwa, don abin da ake nunawa da yatsa suke nema. "Don me" da "yaushe" sai daga baya, idan yaro ya fara gane dalili da lokaci. In kuwa suka zo, iyaye sun shiga uku. Michelle Chouinard ta bi diddigin maganganun wasu yara huɗu da aka naɗa tsawon shekaru, ta ruwaito a 2007 cewa idan suna tare da babba, tambayoyinsu sukan haura ɗari a awa guda. A gefe guda, birai da aka koya wa alamomin sadarwa a Amurka sun iya amsa tambayoyi masu yawa, amma David Premack, wanda ya yi shekaru yana aiki da wata biranya mai suna Sarah, ya lura cewa ba ta taɓa juyowa ta yi masa tambaya ba.

Sai dai duk wanda ya ɗauka neman sani ne kaɗai aikin tambaya, bai saurari gaisuwar safe ba. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, yaya yara, ina labari, yaya sanyi. Tambayoyi shida a jere, kuma babu ɗaya da mai yin ta bai san amsarta ba: lafiya lau, ba gajiya, lafiya, suna lafiya, sai alheri, lokacinsa ne. Wanda aka ce wa "Ina gajiya?" ya tsaya bayanin ciwon bayansa, ya karya doka, ko da gaskiya ya faɗa. Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand, ya rubuta a 1923 cewa irin wannan magana ba don isar da labari ake yin ta ba, don ɗaure zumunci ne. A ƙasar Sin tambayar ita ce ko mutum ya ci abinci. A wasu wuraren, daga ina ya fito. Likitocin ƙasar Hausa sun san illar abin. Majinyacin da aka ɗauko ranga-ranga, a ce masa "Ya jiki?", zai ce "Da sauƙi", domin gaisuwa ya ji, gaisuwa kuma ya amsa. Sai an sake tambaya ta wata siffa, "Ina ne yake maka ciwo?", sannan aikin asibiti ya fara.

Akwai kuma tambayar da umarni ce ta sa rigar ladabi. "Ko za ka ɗan matsa?" a cikin mota ba binciken niyya ba ne. "Akwai ruwa?" daga bakin baƙo ba ƙidayar randa ba ce. John Searle ya yi wa wannan dogon sharhi a 1975, amma kowace 'yar talla ta san "Ba ragi?" roƙo ne, "Nawa za ka ba da?" kuma gayyata ce.

Ta fi su duka zafi ita ce wadda ba ta son amsa sam. "Ina ruwana?" "Wa ya aike ka?" "Wane ni?" Waɗannan hukunci ne aka yanke, aka ba shi siffar tambaya don kada a samu bakin musu. Karin magana cike take da su: ina ruwan biri da gada, ina amfanin baɗi ba rai, wane mutum in ji mutuwa. Har "ina" ita kaɗai, in aka ja ta, ta zama a'a mai ƙarfin da a'a ɗin kanta ba ta kai ba. Malaman balaga sun rigayi masana harshe na zamani zuwa nan da ɗaruruwan shekaru. A babin istifhami sun rarrabe tambayar inkari da ta tabbatarwa da ta mamaki da ta zargi, kuma duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya ji ana warware su a tafsiri. A Suratur Rahman aya guda mai siffar tambaya ta maimaitu sau 31, ba kuwa don neman labari ba. Hadisin Jibrilu, na biyu a Arba'una Hadis ta Imam Nawawi, gaba ɗayansa tambayoyi ne daga wanda ya san amsa, an yi su don waɗanda ke zaune su ji su koya. Malamin aji da yake cewa "Bakwai sau takwas nawa?" wannan hanyar yake bi.

Kacici-kacici kuma ya juya abin. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." "Baba na ɗaka, gemu na waje." Babu shin, babu wa, babu me, babu ɗaga murya, a nahawu bayani ne tsantsa. Amma kowane yaro ya san ana bin sa amsa, in kuma ya kasa cewa tsintsiya ko wuta da hayaƙi, sai ya ba da gari kafin a faɗa masa. Siffar tambaya daban, aikinta daban, kuma kowane yana iya zuwa ba tare da ɗayan ba.

Tambaya mafi gajarta ita ce wadda ake yi idan ba a ji abin da aka faɗa ba. Mark Dingemanse da Francisco Torreira da Nick Enfield sun kwatanta ta a 2013 a harsuna goma, ciki har da Siwu na ƙasar Gana, suka kuma duba wasu ashirin da ɗaya. Ko'ina abu ɗaya suka tarar: gaɓa guda, wasali buɗaɗɗe mai kama da "a" ko "e", wanda baki ba ya shan wahalar furtawa. Wani binciken nasu na 2015 ya nuna cewa a hira ana neman irin wannan gyara kusan duk bayan minti ɗaya da rabi. Hausa tana da nata "iye?" da "e?", amma ta ajiye "na'am?" don manya. Yaron da mahaifinsa ya yi wa magana ya ce "me?" zai ji a jikinsa. Ma'anar ɗaya ce, matsayin mai faɗa ne ya bambanta.

Nan ne zancen ya fi nauyi, domin ba kowa ke da ikon ɗora wa kowa bashin amsa ba. Esther Goody ta yi nazarin wannan a ƙasar Gwanja ta arewacin Gana, inda fataken Hausa suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa sayen goro a Salaga. A littafin da ta shirya a 1978 ta bayyana cewa a can tambayar neman bayani kai tsaye daga sama take gangarowa ƙasa: babba ya tambayi yaro, sarki ya tambayi talaka. Yaro mai koyon saƙa ba ya yi wa maigidansa tambaya, kallo yake yi, don tambayar za ta yi kama da tuhuma. Na ƙasa yana da tasa tambayar, amma ta girmamawa ce: ya san abin da ya kamata a yi, sai ya mayar da shi tambaya don hukuncin ya fito daga bakin babba. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Bafaden da ya ce "Ranka ya daɗe, ko za a bari sai an sha iska?" shawara ya bayar, ya kuma bar wa sarki ladan yanke ta. Al'ummar da take cewa matambayi ba ya ɓata ita ce kuma take kiran yaro mai yawan tambaya marar kunya, kuma duka biyun da gaske take. Akwai tambayoyin da ba a yi ma sam: ba a tambayar mace sunan mijinta ko na ɗanta na fari a gaban mutane, ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa. Ma'aikacin ƙidaya ko na rigakafi da ya shiga gida da takarda cike da "nawa" da "wane ne" yakan fito da amsoshi, amma ba lallai su zama waɗanda ya zo nema ba.

Alƙali da ɗan sanda da lauya su ne waɗanda hukuma ta ba ikon tambaya, don haka a hannunsu ne siffar tambaya take zama makami. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai 45 finafinan haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin suke yi. Kalma ɗaya kawai suka riƙa canzawa. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin "ragargaje" sun ƙiyasta kusan mil 41 a awa. Waɗanda aka ce wa motocin sun "taɓa juna" suka ce kusan 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi wasu ɗaliban ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin a fim ɗin. Amma 16 cikin 50 na waɗanda suka ji "ragargaje" sun ce sun gani, a rukunin da aka tambaya da kalma mai sauƙi kuwa 7 ne. Tambayar ba ta tsaya ga ɗebo abin da ke cikin ƙwaƙwalwar shaida ba, ta zuba nata a ciki. Haka "Yaushe ka daina tauye mudu?" take aiki: duk ranar da mai awo ya ambata, ya amsa laifi, domin tauyewar tana cikin ɓangaren jimlar da nahawu ya ɗauka an gama magana a kansa. Saboda irin wannan ne Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 221, ta taƙaita tambayar da take sa wa shaida amsa a baki: lauyan da ya kawo shaida ba ya yi masa ita yadda ya so, sai lauyan ɗaya ɓangaren a lokacin da yake yi masa tambayoyin ƙure.

Akwai wani rami kuma da dokar ba ta ambata ba, shi ne tambaya mai korewa. A ce wa Bahaushe "Ba ka gan shi ba?" Idan bai gan shi ba, zai ce "I", wato i, haka ne, ban gan shi ba. Idan ya gan shi, zai ce "A'a, na gan shi". Amsarsa tana gaskata maganar mai tambaya ne ko ta ƙaryata ta. Bajapane ma haka yake yi. Bature mai jin Ingilishi kuwa akasin haka yake: tasa amsar tana bin abin da ya faru ne, in bai gani ba a'a zai ce, ko yaya aka juya tambayar. Wasu harsunan sun kauce wa rikicin da kalma ta uku, wadda aikinta kawai rushe korewa: Larabci yana da "bala" ban da "na'am" da "la", Faransanci yana da "si", Jamusanci "doch". Harshen Ailan na asali ba shi da i ko a'a ma, aikatau ake maimaitawa, a ce "na gani" ko "ban gani ba".

A manyan kotunan Nijeriya da Ingilishi ake rubuta shari'a, a Nijar da Faransanci, shaidu da yawa kuwa da Hausa suke magana. Idan lauya ya yi tambaya mai korewa, shaida ya ce "I", tafinta ya mayar da ita kalma da kalma, abin da zai shiga takarda kishiyar abin da mutumin ya faɗa ne, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Haka abin yake tsakanin likita da majinyaci idan aka ce "Ba ka shan wani magani?". Tafintan da ya san aikinsa ba ya karɓar "i" ko "a'a" tsurarsu a irin wannan wuri. Yakan sa mai amsa ya cika jimlarsa, ya ce "I, ban gan shi ba" ko "A'a, na gan shi", sannan ya fassara jimlar gaba ɗaya.